Taƙaitawa: haɗarin buɗe tushen manhajar katin fulash

Ga abin da na tsinta a mahawarar da aka yi kan ko ya dace masu ƙera katin fulash (katin da ake loda wasanni a kansa a saka a na'urar wasa) su buɗe wa kowa tushen manhajarsa, wato rubutun da aka gina ta da shi:

1. Kusan kowa tsoronsa masu jabu. An tuna yadda kwaikwayon R4, wani katin fulash da ake sawa a na'urar wasa ta Nintendo DS, ya cika kasuwa. Tushe na fita aikinsu ya sauƙaƙa, mai wahalar ya tashi a tutar babu.
2. Haɗarin shari'a: Nintendo ta kayar da masu sayar da R4 a Tokyo a 2009, a Ingila a 2010.
3. Gyaran ɗan koyo kan kashe kati, laifin ya hau kan maƙerinsa.
4. A nan aka rabu. Wasu sun ce jabu ba ya jiran izini, ga katin EZ-Flash Omega da tushensa ke buɗe a GitHub, shafin ajiye tushen manhajoji. Ko kamfani ya rufe, jama'a za su ci gaba da gyara. Ni ma nan na karkata.