Masu karatu sun ce labarina yana jan ƙafa, ina zan gyara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina sakin wani labari shafi-shafi a WhatsApp, kan amaryar da ta gano mijinta yana da mata da 'ya'ya a wani gari, kuma mahaifinta ya sani tun kafin ɗaurin aure. Na faro daga haihuwarta, na bi ta makaranta, haɗuwarsu, lefe, yanzu muna kamu. Sirrin sai a shafi na 25 zai fito. Masu sharhi sai raguwa suke yi, wata ma ta ce min labarin ba ya motsi. In yanke ne, ko in ce su yi haƙuri?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Mai karatu ba ya haƙuri da abin da bai san yana jira ba. Jigonki yana da ƙarfi, zubin ne ya danne shi. Yadda abubuwa suka faru daban, yadda za ki jera su a takarda daban. Ba dole ba ne ki fara daga ranar suna don kawai ita ce farkon rayuwarta. Fara daga inda zaman lafiyarta ya soma tsagewa, yarintar kuma ki riƙa kawo ta da waiwaye, gutsure-gutsure, a wurin da ake buƙatarta. Dubi Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafi na ɗaya. Tun farko an sanar da mu Waziri yana da mugun nufi, kuma in Musa ɗan sarki ya fita daga fada akwai haɗari. Shi ya sa duk labarin da aku ya ɗauko don ya hana Musa fita, ko na dariya ne, hankalin mai karatu yana kan ko yaron zai zauna ko zai fita.

Anti Larai: Malam, na yarda da kai, amma kada a sa ta zubar da bikin. Matan da ke karanta mu suna son lefe da kamu, ni shaida ce. Ƙanwata, abin da za ki yi shi ne ki ba mai karatu sirrin kafin amarya ta sani. A bar mu mu ji uban yana waya a zaure yana cewa kada kowa ya ɗaga maganar sai an ɗaura. Daga nan duk akwatin da aka buɗe, duk guɗar da aka rangaɗa, gabanmu faɗuwa zai yi. Bikin nan dai shi ne, amma yanzu yana ɗauke da kaya.

Sannan ki lura da inda kike ɓata tawada. Shekarunta na sakandare layi uku sun ishe su. Amma ranar da za ta durƙusa gaban mahaifinta ta tambaye shi ko ya sani, nan ki ja birki: shirun da zai yi, carbin da zai ci gaba da ja, inna tana laɓe a bakin ƙofa. Yawancinmu akasin haka muke yi, a ba kwalliyar amarya shafi guda, a gama rikicin da "nan fa aka yi ta tashin hankali".

Baffa: Ki kula da inda kike tsayawa kowace rana. Shaharzad, mai ba da labari a Dare Dubu da Ɗaya, a tsakiyar labari asuba ke riskarta, ba a ƙarshensa ba. Sai dai don Allah ban da suma a ƙarshen kowane shafi, an gaji.

Ummu Sadik: Ina bibiya, matsalata ke nan.

Maman Ilham: Allah Ya saka da alheri. To shafukan da na riga na saki fa, Malam?

Malam Sani: Bar su yadda suke, sai kin zo haɗa littafi ki sake zubi. Shafin gobe ki buɗe shi da wayar uban nan da Anti Larai ta ce, kafin ki koma wurin kamu.