Musayar Waƙa: Runduna ta Biyu, daga Ore zuwa Abagana

Ɗan Tsohon Saje, Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙin basasa a Runduna ta Biyu ta sojan ƙasa, wadda aka kafa cikin gaggawa a watan Agustan 1967 ƙarƙashin Laftanar-Kanar Murtala Muhammad, bayan da mayaƙan Biyafara suka mamaye jihar Yamma ta Tsakiya. Na ɗora baitocina a kan amsa-amon "wa", kuma ina roƙon duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Ya ba ni basira wurin tsarawa.

Tara ga Agusta Biyafara ta ƙetaro,
Ta ci Binin ba a yi wata fafatawa.

Da suka kai Ore sai Ikko ta girgiza,
Mutane suna ta shirin ficewa.

Aka ce da Murtala ya tara runduna,
Bai cika talatin ba da haihuwa.

Ya kwashi kuku, ya kwashi akawu,
Da mazan jiya da ke shirin hutawa.

Kurata ba su ƙoshi da fareti ba,
Aka ba su bindiga babu jinkirtawa.

Ashirin ga Satumba suka ƙwace Binin,
Wannan aiki ya cancanci yabawa.

Malama, Zariya

Wa alaikumus salam. Yaya, baitocinka sun yi armashi, sai dai ka sauke kaya a Binin, alhali kuwa rundunar ba a nan ta yada zango ba.

Yayana, ka yi yabo kuma ka kyauta,
Amma akwai zangon da kake tsallakewa.

Farkon Oktoba suka shiga Asaba,
Gaɓar Kwara, inda gada take miƙewa.

Bakwai ga wata mutanen gari suka fito,
Cikin fararen tufafi suna rerawa.

Suna ta faɗin Najeriya ɗaya ce,
Da fatan a bar su babu cutarwa.

A Ogbe-Osowa aka ware mata,
Maza da samari aka shiga harbewa.

Ɗaruruwa suka kwanta a filin,
Ba makami a hannunsu balle ramawa.

Rundunar da ta ci Binin ita ta yi wannan,
Kakin ɗaya ne, ba ya rabuwa.

Dattijo, Kaduna

'Ya'yana, kowannenku ya faɗi gaskiya, kuma babu wanda zan ƙaryata. Abin da na ga kun bari shi ne kogin, domin a ganina babu inda ƙaramin soja ya biya bashin gaggawar shugabansa kamar yadda ya biya a tsakanin Asaba da Anacha.

Gadar Kwara ba ta shekara biyu ba,
Biyafara suka karya ta wajen janyewa.

Hedikwata a Ikko ta ba da shawara,
A bi ta Ida, ya fi sauƙin hayewa.

Murtala ya ƙi, ya ce sai ta Asaba,
Don ga Anacha idonsa yana hangowa.

Mutanen tudu da ba su san iyo ba,
Aka loda su jirgi don ƙetarewa.

Ayarin farko ya shiga har kasuwa,
Wasu suka ɓige da wasoso da ƙonawa.

Achuziya na Biyafara ya juyo musu da mayaƙa,
Gaba wuta, baya Kwara, ba wajen komawa.

Sau uku ana gwada wannan mashigi,
Sau uku kogin yana haɗiyewa.

Daga bisani ta Ida ɗin aka koma,
Ta Inugu da Oka suka yi zagayowa.

Anacha ta faɗi a Maris, 1968,
Bayan wata biyar ana wahalarwa.

Ƙarshen watan nan, a hanyar Abagana,
Biyafara suka yi kwanton ɓauna babu tsammanin kowa.

Wuta ta faɗa wa tankar fetur,
Motoci kusan ɗari suka kai ga ƙonewa.

Kanar Haruna ya karɓi ragama,
Ya gaji rundunar da ke neman farfaɗowa.

Malama, Zariya

Baba, Allah ya ƙara girma. Na karɓi gyaranka, domin su ma waɗanda ruwa ya ci 'ya'yan wasu ne, kuma da yawansu iyayensu ba su ga gawarsu ba.

Sha biyar ga Janairu, 1970,
Effiong na Biyafara ya zo barikin Dodan don sallamawa.

Gowon ya ce ba wanda ya ci nasara,
Kuma babu wanda aka yi kayarwa.

Kalma ce mai daɗi, Baba, na yarda,
Amma Asaba duk shekara tana tunawa.

Ɗan Tsohon Saje, Kano

Ƙanwata, ban ji haushin gyaranki ba, ko da yake ya taɓa ni inda ba na so. Baba kuwa ya ambaci ruwan da mahaifina ya fito daga cikinsa da kyar, don haka bari in faɗi abin da na gani da idona a gidanmu.

Ya ce ya yar da takalminsa da bindiga,
Wata gangar mai ya samu ta rungumewa.

Abokinsa kuku, da suka taso tare,
Yana kiran sunansa yana nutsewa.

Har ya rasu bai ci kifin kogi ba,
In an kawo sai ya ce a yi ɗaukewa.

Lambarsa ta yaƙi tana ƙasan adaka,
Ko ranar 'yan mazan jiya ba ya ratayawa.

Labarin Ore kuwa har mun haddace,
Da dare a tabarma yana maimaitawa.

Sau ɗaya tak na tambaye shi Asaba,
Ya dube ni, bai ce mini komai ba kuwa.

Ya ɗauki buta ya nufi bakin rijiya,
Alhali ladan bai yi ko shirin kirawa.