Ya ake fara imel in ba a san wanda zai karanta ba?

Ɗan_Autan_Mama:
Salam 'yan uwa. Zan tura takardar neman aiki ta imel, adireshin na ofis ne kawai babu sunan kowa, ban san ko namiji ne ko mace zai buɗe ba. Na rubuta "Ranka ya daɗe" na goge, na sa "Malam" shi ma na goge, wallahi na fi minti 20 ina kallon layin farko. Me zan sa don Allah?

Ummu_Hanan:
Ɗan uwa muƙami za ka kira, ba mutum ba. "Zuwa ga Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata", shi kenan, ko wa ke kan kujerar ya shiga ciki. Ranka ya daɗe ɗin nan kasada ce, ni mace ce kuma in na buɗe saƙo na ga an ce min yallaɓai nan take nake gane mutumin bai duba komai ba, ba wai haushi nake ji ba amma dai ina lura.

Baban_Sadiq:
Ni dai "Zuwa ga wanda abin ya shafa" nake sawa kullum.

Ummu_Hanan:
Malam wannan ai ya fi dacewa da takardar shaida, a imel ya cika bushewa kamar sanarwar da aka manna a bango.

Kwamfuta_Zalla:
Kafin duk wannan ka sake karanta tallar aikin, ka leƙa shafinsu ko LinkedIn (dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet), sau da yawa sunan yana nan a ƙasa mutane ne ba sa kula. In sunan bai nuna jinsi ba rubuta shi cikakke kawai, kar ka yi canke.

Ɗan_Autan_Mama:
Na duba babu suna, na sa muƙamin na tura. Na gode.