Don me ake ƙwace kifin gwangwani alhali wa'adinsa bai ƙare ba?

Tambaya:
Jama'a, idan hukuma ta samu gwangwani kaɗan sun kumbura, me ya sa take kwashe katan-katan ɗin gaba ɗaya?

Amsa ta 1:
Malam, lambar rukuni (wato gwangwanayen da aka sarrafa a lokaci ɗaya) ake bi, ba ranar ƙarewa ba. Rukuni ɗaya tare aka dafa shi. Ƙa'ida ita ce zafin digiri 121 a ma'aunin Celsius na aƙalla minti 3 a tsakiyar gwangwanin, don kashe ƙwayar cutar Clostridium botulinum mai fitar da guba. In dahuwar ta gaza, ko bakin murfin bai naɗu daidai ba, duka rukunin abin zargi ne. Kuma gubar ba lallai ta kumbura gwangwani ko ta yi wari ba.

Amsa ta 2:
Akwai kuma histamin, wani sinadari mai sa rashin lafiya, musamman a kifin tuna da na sadin. Tana taruwa ne idan kifi ya daɗe babu ƙanƙara kafin a sarrafa shi, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Codex, hukumar ƙa'idojin abinci ta duniya, ta ƙayyade kada ta wuce miligiram 200 a kilo.

Amsa ta 3:
Fara hana sayarwa ake yi, a ɗebi samfur zuwa gwaji. In ya faɗi, a lalata kayan gaban shaidu, don kada su koma kasuwa da sabon tambari.