An ƙi ba mai sikila PIP a Ingila: ta ina ake fara ƙalubalantar hukuncin?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata kan kuɗin tallafin naƙasa na PIP ce. Idan mai sikila ya cika fom, aka tantance shi, sai wasiƙa ta zo da maki 4 a ɓangaren hidimar yau da kullum, sifili a ɓangaren zirga-zirga, me zai fara yi? Ciwon nan yau ka ga mutum garau, gobe ko hannu ba ya iya ɗagawa. Sabon fom za a cika, ko ƙara za a kai?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a yi gaggawar cika sabon fom. Idan aka ci nasara wajen ƙalubalantar hukuncin, za a biya kuɗin tun daga ranar da aka fara nema, shi kuwa sabon fom daga sabuwar rana lissafinsa zai tashi.

Ba a zuwa kotu kai tsaye. Sai an fara neman DWP, ma'aikatar gwamnati da ke biyan PIP, ta sake duba hukuncinta, abin da suke kira mandatory reconsideration. Wa'adinsa wata ɗaya ne daga kwanan watan da ke saman wasiƙar, ba ranar da ta shigo gida ba. In an makara ana iya karɓa har zuwa wata 13, amma sai da dalili, kamar kwanciya asibiti. A yi shi a rubuce da fom CRMR1, a ajiye kwafi, a karɓi shaidar aikawa a gidan waya.

Kafin a rubuta komai, a kira a nemi rahoton wanda ya yi tantancewar, PA4 sunansa. A nan za a ga inda makin ya zube. Maki 8 ake buƙata don ƙaramin matakin kuɗin, 12 don babba, kuma kowane ɓangare da lissafinsa. Mai maki 4 ke nan saura 4.

Anti Bilki:
Hajiya, abin da kika faɗa na yau lafiya gobe ciwo shi ne zuciyar maganar. Ba sunan cutar ake ba maki ba, abin da ta hana mutum yi ake dubawa. Doka ta ce ba a ɗaukar mutum ya iya aiki sai in zai yi shi ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya maimaita shi duk lokacin da ake buƙata, kuma kada ya ɗauke shi fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya. Sannan wahalar ta kasance a fiye da rabin kwanakin shekara.

A nan masu sikila ke faɗuwa. Suna ƙirga kwanakin da ciwon ya tashi kawai, su kuwa da wuya su kai rabin shekara. A haɗa da kwanakin farfaɗowa, da gajiyar ƙarancin jini, da ciwon ƙugu in ƙashin ya fara lalacewa, da jirin da maganin kashe zafi ke sawa.

A ɗauki littafi a rubuta abin da ya faru kullum na sati biyu zuwa huɗu. "Na sha wahala" ba ya kawo maki. A rubuta cewa ya zauna kan kujera kafin ya yanka albasa, tukunya ta gagare shi ɗagawa, sai da aka kama shi ya fito daga bahon wanka. Buƙatar kujerar girki maki 2 ce, buƙatar mai taimako wajen girki 4, mai kama shi shiga ko fita wanka 3. Tafiya kuma da mita ake aunawa: wanda ke tsayawa tsakanin mita 50 da 200 yana da maki 4, tsakanin 20 da 50 ba sanda maki 8.

Kuma don Allah a bar "Alhamdulillah, da sauƙi" a wajen gaisuwa. Tarbiyyarmu ce, amma a rahoto sai ta koma shaidar cewa lafiya lau.

Abu Sadiq:
Ƙari kan bayanin Malam: kada gwiwa ta yi sanyi idan sake dubawar ba ta canza komai ba, haka ta fi yawan fitowa. Za a aiko takardar sakamako, daga kwanan watanta akwai wata ɗaya a shigar da ƙara a kotun tiribunal, ta intanet ko da fom SSCS1. Kyauta ne, kuma kotun ba ƙarƙashin DWP take ba. Mutum uku ke zama: alƙali, likita, da wanda ya san harkar naƙasa.

A zaɓi halartar zaman, ido da ido ko ta bidiyo ko ta waya, kada a bari a yanke hukunci kan takardu kaɗai. In Turanci bai zauna ba, a nemi tafintan Hausa tun a fom, kotu ce ke kawo shi, ba a yarda ɗan uwa ya yi tafinta ba.

Kotu halin da mutum ke ciki a ranar hukuncin farko take dubawa. Saboda haka wasiƙar likitan jini ko nas ɗin sikila ta ambaci wancan lokacin, a haɗa da takardun sallama daga asibiti da jerin magunguna. Ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice na taimakawa wajen tsara wannan ba ko sisi.

Malam Habu:
Haka ne. Sai dai wanda aka ba ƙaramin mataki yana neman babba ya sani kotu na iya duba duka hukuncin, har ta rage, ko da yake takan yi gargaɗi tukuna. Mai maki 4 da sifili ba shi da abin asara. Wanda ke Scotland kuma wannan bayanin ba nasa ba ne, can wani tallafin daban mai suna Adult Disability Payment ake bi, wa'adin neman sake dubawa kwana 42.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri. PA4 za a fara nema, littafin kuma a soma shi yau.