"Gubar abinci" ba ta ɗauke mana nauyin ba, mu nemi wata kalmar

Assalamu alaikum, masu fassara da ma'aikatan lafiya. Kalma nake nema, na kwana biyu ina juya ta a raina. Ciwon da ake kamuwa da shi ta hanyar abinci, masana a Turance suna cewa foodborne disease, mutanen gari kuma su ce food poisoning. Mu kuwa mun haɗa su biyun mun kira "gubar abinci". Ban gamsu da ita ba.

Kwanakin baya na fassara wata 'yar takardar faɗakarwa, na karanta wa gwaggona don in ji ko ta shiga kunne. Ina kaiwa inda aka ce yara uku sun kwanta saboda gubar abinci sai ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Wa ya zuba musu?" Kuma ba ta yi kuskure ba. A Hausa guba zuba ta ake yi. Kana ambatarta hankali zai bar tukunya ya koma kan mutum: wa ya dafa, wa ya kawo, wa ke ƙullace da wa. Alhali abin da takardar ke bayani wuƙa ce da aka yanka ɗanyen naman kaza da ita, aka goge a tsumma, aka kuma yanka ganyen da ba za a dafa ba.

Sannan guba, yadda mutane suka san ta, nan take take aiki, waɗannan cututtuka kuwa da yawansu sai sun yi kwanci. Ƙwayar cutar salmonela takan ɗauki awa 6 zuwa kwana 6 kafin ta bayyana. Ciwon hanta nau'in A kwana 15 zuwa 50. Ƙwayar cutar listeriya tana iya kai wata biyu. Wanda aka koya masa "guba" abincin da ya ci na ƙarshe zai zarga, ya manta da na makon jiya, alhali shi ne mai bincike yake son ya tuna. Ko ƙwararru zargin gaggawa yana ka da su. Da wata cuta ta ɓarke a Jamus a 2011, kokwambar Sifaniya aka fara ɗora wa laifi, manoma suka tafka asara, daga baya aka gano tsiron hulba ne da irinsa ya fito daga Masar. Mutum fiye da 50 suka rasu.

Ku dubi rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015. Ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 suna kamuwa duk shekara, 420,000 suna mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abubuwa 31 masu jawo cutar aka lissafa. Uku kacal ne sinadarai masu guba. Goma tsutsotsi ne, sauran ƙwayoyin cuta. Ta yaya za mu ɗauki sunan uku mu laƙaba wa talatin da ɗaya?

To me za mu ce? "Cutar abinci" gajeriya ce, amma za a iya zaton wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci ake nufi. "Ɓacin ciki" alama ce kawai, kuma tana raina abin. Listeriyar da ta ɓarke a Afirka ta Kudu a 2017 zuwa 2018 ta hanyar sarrafaffen nama ta kama mutum sama da 1,000, ta kashe fiye da 200, jarirai da yawa a ciki. Cutar da ke sa ɓari, ta kuma kai ga ƙwaƙwalwa, ta wuce ɓacin ciki.

Wata malama ta kawo "cutar gurɓataccen abinci", na daɗe a kanta, don ta fi sauran kusa. Abin da ya hana ni ɗauka shi ne yadda kunne ke jin ta. Aka ce gurɓatacce, mutum abin da ya yi tsami ko wari yake hangowa. Zai shinshina, ya ji lafiya lau, ya ci. Ƙwai mai salmonela ba ya wari, ba ya sauya kama.

Ga tawa shawarar: cuta mai bin abinci, jam'i kuma cututtuka masu bin abinci. Ba sabon gini ba ne. Mun saba cewa cuta kaza tana bin iska, wata tana bin jini. Kalmar "bi" ta nuna abincin hanya ce kawai da cutar ta ratso, babu wanda aka nuna da yatsa, babu kuma alƙawarin cewa yau za ta bayyana. Ta kuma buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa, cuta mai bin ruwa, kamar kwalara da taifod da ke bin hanyoyin biyu.

Wani malami ya ce wai "mai bin abinci" zai tuna wa mutane makwaɗaici. Haka ne in ta tsaya ita kaɗai. Amma da "cuta" a gabanta ban ga mai ruɗewa ba.

"Gubar abinci" kuwa kada a yar da ita, a bar ta inda gubar take da gaske. Afalatoksin da funfuna ke bari a jikin hatsi guba ce, ita ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Raba sunayen nan yana da amfani a gaban murhu: yawancin ƙwayoyin cuta suna mutuwa in zafi ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius har tsakiyar abinci, amma afalatoksin dafuwa ba ta kawar da ita.

Saura wata kalmar Turancin ta wannan fanni, surveillance, wadda aka saba fassarawa da "sa ido". Kowa ya san ɗan sa ido ba abin so ba ne. Ni "bibiyar cuta" nake rubutawa ga aikin tattara rahoton asibitoci da na ɗakunan gwaji a kai a kai, "bin sawu" kuma ga komawa daga faranti har gona. A nan ban kafe ba, ku kawo naku.

Jiya na gyara takardar, na sake karanta wa gwaggo: yara uku sun kwanta da cuta mai bin abinci. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "To ta ina ta bi?"