Na canja sifirin, gaban mota ya karkace

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman makanikai. Ina Jos, motata Toyota Corolla ce ta 2008, da ita nake kai yara makaranta daga Rikkos kullum. Gabanta ya zauna, sai na sayi sifirin biyu na gaba 'yan Kwatano, da robobin sandar da ke hana mota tangaɗi a kwana, har da 'yan ƙarafan da ke haɗa ta da shokazoba.

Tun da aka ɗaura, ɓangaren direba ya fi ɗayan tsayi da kusan yatsa biyu, sitiyari na ja dama. In na faɗa rami a hanyar Bukuru sai in ji ƙwal-ƙwal daga ƙasa. Mun sake ɗaure notocin sau biyu, ƙarar na nan.

Na lura bakaniken ya ɗaure komai tamau motar na kan jak, tayoyi na reto. Wannan zai iya jawo haka? Ko ƙasan sifirin ne bai zauna a gurbinsa ba? Ko kuwa biyun ba ƙarfinsu ɗaya ba? Ban so in biya kuɗin saitin taya a banza, ga kafaɗar tayar hagu ta fara cinyewa. Me zan fara dubawa? Allah Ya saka da alheri.